Mutumin Da Ke Jikin Buta

Jama'a, yau ba girki na zo muku da shi ba. Ku da kuka saba ganin hannuna yana yanka albasa ko yana gwada sabon injin markaɗe, ku yi haƙuri, yau ba hoto, bakina ne kawai zai yi aiki. In ban amayar da abin da ke cikina ba wallahi zan iya kwanciya ciwo. Da yawanku kun tambaye ni ina bidiyon butar shayi ya tafi. To, ga amsarku, kuma don Allah kada wanda ya yi min dariya.

Ranar Laraba da safe ina tsaye a kicin, ɗankwalina a karkace, ina wanke kofuna, wayata ta yi ƙara a kan firij. Na goge hannu a gefen zani na duba. Goggo ce, yayar Abbanmu, ta turo hoto a guruf ɗin 'yan gida. Ƙarƙashinsa layi ɗaya tak:

"Auta, wane ne wannan mutumin a jikin buta?"

Na buɗe hoton. Daga bidiyon da na saka jiya ta ciro shi, ta faɗaɗa, har ta zagaye wurin da jan layi don kada wani makaho ya wuce bai gani ba. Ga hannuna riƙe da mariƙin buta. Ga tururi yana tashi. A cikin ƙyallin silbar kuwa, ga rabin fuskata a miƙe kamar ta cikin cokali, ga kuma namiji tsaye a bayana da riga shuɗiya, ya duƙa kan kyamara.

Innalillahi! Na zauna daɓas a kan buhun shinkafa.

Bari in koma baya kaɗan saboda sababbin da suka shigo. Da na gama karatu aiki ya ƙi samuwa, na fara ɗaukar bidiyon kayan kicin da wayata. Wata Hajiya mai kantin kayan gida takan aiko min da tukunya ko abin gasa burodi, in gwada, in faɗi gaskiyar yadda yake, kayan ya zama nawa. Abba bai so ba da farko. Abbanmu mai gyaran agogo ne, shekara talatin yana leƙa cikin ƙananan abubuwa da gilashin nan nasa mai ido ɗaya. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, amma maganarsa ɗaya ce. Sai da Umma ta yi ta lallashi sannan ya yarda, da sharaɗi biyu.

"Hannu kawai," ya ce. "Sannan kicin ɗin uwarki ba ɗakin baƙi ba ne. Namijin da ba ɗan gida ba, iyakarsa falo."

Na ce, "Na ji, Abba." Ya ɗaura min wani ƙaramin agogo da ya gyara da hannunsa, wanda kuke gani a tsintsiyar hannuna a kowane bidiyo. Tun daga nan kuka laƙaba min Mai Hannu.

Shi kuwa mai shuɗiyar riga, a shagon kayan hoto na haɗu da shi, ranar da na je neman sandar da za ta riƙe min waya. Ya dubi agogon hannuna ya ce, "Ke ce Mai Hannu? Aikinki da kyau, amma haskenki bai yi ba." Haka kawai, ko gaisuwar kirki babu! Na tafi ina cewa a raina wannan wane irin mutum ne. To mai hali ba ya fasa halinsa, har yau duk abin da na tura masa sai ya ce haske bai yi ba, shi ya sa nake kiransa Malam Haske. Wata takwas da suka wuce ya ba ni aron tsohuwar kyamararsa da ƙafarta da fitila mai zagaye. Ya zo ya gaida Abba yadda ya kamata, Abba ya ba shi damar zuwa falo duk Lahadi da yamma. Kuma Asabar ɗin nan mai zuwa manyansa za su zo ganin Abba.

Goggo ce kaɗai ba ta taɓa yin na'am da shi ba.

"Mai ɗaukar hoto?" takan ce, tana taɓe baki. "Mutumin da kullum yana tsakiyar matan mutane yana cewa ku yi murmushi? Ga ɗan ƙawata mai kantin magani, yaro natsattse, ba za ki duba ba?"

Kun ga ke nan irin hannun da hoton nan ya faɗa.

Matsalar daga butar ta fara. Ta lantarki ce, silba zalla, Hajiya ta aiko ta ce tana son bidiyon kafin Laraba. Kwana uku ina fama. In na kunna fitila, zoben haske ya fito a jikinta. In na kashe, hoto ya yi duhu. In na matsa kusa, fuskata ta fito ƙiri-ƙiri. Ga ƙafar kyamarar guda ta saki, na ɗaure da igiyar takalmi, tana ta zamewa. Ranar Litinin da rana na gaji, na zauna a ƙasan kicin na rubuta masa:

"Malam, butar nan ta fi ƙarfina. Don Allah ka zo ka saita min."

"Ki fito da ita falo ranar Lahadi."

"Lahadi ta yi nisa. Kuma a kicin nake ɗauka, ka sani."

Sai ya rubuto: "Abba ya sani?"

'Yan uwa, a nan ne shaiɗan ya zauna min a kafaɗa. Abba yana shago. Umma ta tafi duba maƙwabciyarmu a asibiti, sai bayan la'asar. Na ce a raina, minti ashirin ne fa, kuma mutumin da saura kwana biyar manyansa su zo. Wa zai sani? Na ga yatsana ya rubuta kalma biyu.

"Ya sani."

Ya zo da jakarsa a kafaɗa. Ya yi sallama sau biyu a ƙofar falo, na ce ya shigo, na faɗa masa Umma ta ɗan fita. Ya ɗan tsaya. Ya ce, "To ki bar ƙofofin a buɗe." Ko zama bai yi ba. Ya ɗaure ƙafar kyamara da wani ɗan maɓalli daga aljihunsa, ya juya fitilar ta kalli bango maimakon buta, ya rataya farin mayafina a ƙusar taga don ya tausasa rana. Sannan ya ce in ba shi busasshen sabulu.

"Wanka za ka yi mata?" na ce.

"Ki dai kawo."

Ya goga sabulun a jikin butar, ya bi da yatsa a hankali har ƙyallin ya mutu, ta yi dishi-dishi kamar an hura mata numfashi.

"Duk abu mai ƙyalli madubi ne," ya ce. "Mu masu hoto sai mun kashe masa ido kafin mu ɗauka. In ba haka ba duk abin da ke ɗakin sai ya tona."

Da na san maganar nan hannunka mai sanda ce, da na riƙe ta da hannu biyu.

Muka ɗauki buɗe murfi, muka ɗauki zuba ruwa, muka ɗauki danna maɓalli. Saura zuba ruwan zafi a kofi, batir ya mutu. Ya ce bari ya ɗauko wani a akwatin babur ɗinsa. Ya fita, ya bar ni ni da buta.

Sai kun san Ummanmu za ku gane abin da ya biyo baya. A gidanmu ba a ajiye tukunya sai ta yi ƙyalli. Tun ina shekara bakwai Umma take ɗaga murfin tukunya saitin fuskata ta ce, "Kin ga kanki? In ba ki gani ba, koma." Ta sha dawo da ni daga bakin ƙofar makaranta saboda cokali ɗaya. To ina tsaye ina jiransa, hankalina yana kan ƙofa, ina tsoron kada Umma ta dawo da wuri, idona ya faɗa kan buta mai dishi-dishi. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Hannuna ne ya ɗauki tsumma, ya goge ta tas, ya ajiye. Ko tunawa ban yi na yi ba.

Ya dawo da sauri, ruwa ya riga ya tafasa. "Yi maza, tururin zai wuce!" Idonsa na kan tururi, nawa na kan agogo. Daƙiƙa biyar muka ɗauka. Ya tattara jakarsa, ya ce in gaida Abba da Umma, ya tafi. Washegari na haɗa bidiyon a 'yar wayata, ina sauri, ban ma tura masa ya duba ba kamar yadda na saba, don kada ya ce haske bai yi ba.

Mutum dubu huɗu suka kalla, ba wanda ya lura. Sai Goggo, wadda kullum take kukan ba ta ganin ramin allura.

Na goge bidiyon daga shafina, amma ina amfani? Hoton yana guruf. Na duba waɗanda suka gani: yayata ta gani, mijinta ya gani, 'ya'yan Goggo duk sun gani. A can ƙasa, ga sunan Abba. Shi da yake kwana biyu bai buɗe saƙo ba, yau minti huɗu ya ɗauka.

Umma ta shigo kicin da wayarta a hannu. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi.

"Yaushe?" ta ce.

"Litinin, Umma. Minti ashirin ne kawai, ƙofa ma a buɗe…"

"Ban tambaye ki minti ba. A kicin ɗina, Auta? Ni da na tsaya miki a gaban ubanki?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin hijabi. Ta ɗauki butar, ta juya ta, ta ga fuskarta a jiki, ta girgiza kai.

"Gugar kam kin iya," ta ce, ta ajiye ta fita.

Kafin azahar Goggo ta iso da jakarta da carbinta, ta baje a kujerar falo kamar wadda ta ci zaɓe.

"Ni dai na faɗa, aka ce na cika baki. Wanda tun bai aura ba ya san hanyar kicin, in ya aura fa? Ai rana dubu ta ɓarawo."

Ni kuwa ina ɗaki, na rubuta wa Malam Haske saƙo ya fi goma ina gogewa. Me zan ce? In ce masa na yi ƙarya? In roƙe shi ya rufa min asiri? In ya faɗa wa Abba cewa ni na ce an ba da izini, na zubar da yardar da Abba ya yi min, shafina ya rufu, kuma ba zan ƙara iya haɗa ido da shi ba. In kuma ya yi shiru ya ɗauki laifin, Abba zai ɗauke shi marar kunya mai ƙetare iyaka, Asabar ta rushe, Goggo ta shigo da mai kantin maganinta. Gaba kura, baya sayaki. Tsoro ya hana ni aika komai, na bar shi a duhu.

Ƙarfe biyu saƙonsa ya shigo: "Abba ya kira ni, ya ce in zo bayan la'asar. Lafiya dai ko?"

Na rubuta, "Lafiya." Ƙarya ta biyu ke nan, ku riƙe lissafin.

Abba ya dawo, ya yi salla, ya zauna a kujerarsa. Ya ce in kawo butar in ajiye a tebur. Na kawo. Ya ce in zauna. Na rakuɓe a ƙasa kusa da ƙafar Umma, ina jin bugun agogon hannuna kamar ana daka.

Malam Haske ya yi sallama ya shigo cikin farar riga mai guga, fuskarsa a sake. Ya durƙusa ya gaida Abba, ya gaida Umma, ya gaida Goggo, ta amsa da hanci. Abba ya miƙa masa wayarsa.

Ya kalli hoton. Abin da ya fara fita daga bakinsa, ku ji mutum da sana'arsa:

"Ai na kashe mata ido…"

"Ba wannan na tambaya ba," Abba ya ce a hankali. "Wa ya ba ka izinin shiga kicin ɗin gidana?"

Ya ɗago da mamaki, ya buɗe baki zai ce, ai ku ne, Abba. Sai ya juyo ya dube ni. Jama'a, na ga lokacin da ya gane. Ba fushi na gani a idonsa ba, da ma fushin ne. Kallo ne irin na wanda ya taka matakala ya ji babu ita. Ya mayar da idonsa ƙasa.

"Abba, ku gafarce ni," ya ce. "Laifina ne. Ni ne na ga aikin ya ƙi mata, na ce bari in…"

"Ka ji ko!" Goggo ta tafa hannu.

Ban san lokacin da muryata ta fito ba. "Ƙarya zai yi muku, Abba. Saboda ni zai yi."

Na rarrafa na ajiye wayata a gwiwar Abba, na buɗe saƙonnin ranar Litinin. Hawaye yana zuba, hancina yana yoyo, ban damu ba.

"Ya tambaye ni ko kun sani, na ce kun sani. Shi ya ce a bar ƙofa a buɗe. Ko ruwa bai sha ba. Butar ma ni na goge."

Abba ya sa tabaransa, ya karanta daga sama har ƙasa, ya sake komawa. Ya daɗe. Sannan ya cire tabaran ya ninke.

"Kai," ya ce wa Malam Haske, "kuskurenka ɗaya. Gidana ne, lambata tana wayarka. Da ni za ka tambaya. Ƙaryar da ka fara yanzu kuma, na san dalilinta, amma kada ka ƙara. Maganar Asabar tana nan a wurina."

Goggo ta buɗe baki, Abba ya ɗaga hannu. "Yaya, na gode da kika nuna min. Ya isa haka."

Sai ya juyo kaina. "Ke kuwa, agogon da ya yi ƙaryar minti ɗaya ba a jefar da shi. Amma sai mai shi ya daɗe yana duba wani kafin ya sake yarda da shi. Wata ɗaya ba ɗauka. Tashi ki wanke fuskarki."

Wallahi maganar ta yi min ciwo fiye da mari. Amma can ƙasan zuciyata wani sanyi ya sauka. Na ce alhamdulillahi, na tsira: Abba bai kore shi ba, Asabar tana nan, Goggo ta tattara carbinta tana ƙunƙuni. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Duk yinin nan Abba nake tsoro, ban taɓa tunanin shi Malam Haske ba.

Malam Haske ya miƙe, ya ce, "Abba, in ba damuwa, a miƙo min kayan aikina. Tunda ba za a yi amfani da su ba."

Ni na ɗauko. Na fito da kyamarar, da ƙafarta, da fitilar, da cajar batir. Ya durƙusa a tsakiyar falo yana shirya su a jaka ɗaya bayan ɗaya. Ya goge idon kyamarar da ɗan ƙyallensa, ya rufe, ya naɗe wayar fitila a hannunsa zagaye-zagaye kamar yadda ya koya min. Ya ciro memorin kyamarar ya ajiye a tebur kusa da butar, ya ce, "Wannan aikinki ne." Bai kalle ni ba. Wata takwas kayan nan suna ɗakina, ko sau ɗaya bai taɓa tambayarsu ba, kuma na san yana da wasu biyu a shago.

Na bi shi har bakin ƙofar falo, iyakata ke nan. "Malam…"

"Sai anjima, Mai Hannu."

Na ji tashin babur ɗinsa har ya ɓace.

Na rubuta masa haƙuri mai tsawo, irin wanda sai an danna kafin a ga ƙarshensa. Sai washegari da hantsi ya amsa, kuma ga shi nan yadda yake, ban ƙara ban rage ba:

"Ba don in hana ki na tambaya ba. Na tambaya ne don in san inda zan tsaya. Da kin ce min bai sani ba, da na tsaya a bakin taga ta waje ina faɗa miki abin yi, aikin zai yiwu a haka. Kin bar ni na durƙusa a gaban mahaifinki ban san ni mai laifi ba ne."

Na karanta sau nawa ban sani ba. Taga! Tagar kicin ɗinmu da ke kallon tsakar gida, wadda ya rataya mayafina a jikinta. Ko sau ɗaya ba ta zo min a rai ba.

Na rubuta: "Ka yafe min. Asabar fa?"

Ya gani. Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo. Ta sake ɓacewa. Tun jiya ke nan.

Yau Juma'a. Abba ya sa an wanke labulen falo. Umma ta fito da kofunan baƙi daga kabad, waɗanda ba a taɓawa sai da dalili. Ba wanda na faɗa wa komai, kuma kun san yanzu ba ni da bakin cewa lafiya. Ɗazu Umma ta leƙo ɗakina ta ajiye min butar da tsumma.

"Goge ta da kyau, da ita za a ba manyansa shayi gobe."

Ga ni zaune a bakin gado, waya a cinyata, fuskarta a sama. Na goge butar sau uku. Tana ƙyalli yadda Umma take so, duk ɗakin ya fito a jikinta: gado, labule, ƙusar da nake rataya fitila. Na juya ta hagu, na juya ta dama. Ba kowa a bayana.